Bayan An Watse Daga Zaman Makoki

Duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa, ko da baƙo ne da bai daɗe ba, ba zai rasa lura da irin hanzarin da muke yi wa mamaci ba, da kuma irin taron dangin da muke yi wa waɗanda ya bari. Domin mutum yakan cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an suturta shi, an sallace shi a ƙofar gida, an kai shi makwancinsa, cikin masu rige-rigen ɗaukar makara kuwa har da waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba. Kafin masu jana'iza su komo an share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, an jera butoci, mata sun cika tsakar gida, kwanukan abinci suna ta shigowa daga maƙwabta ba tare da an roƙi kowa ba. Sa'an nan a kwana uku ana karɓar gaisuwa, wannan ya durƙusa ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" a amsa masa, "Haƙuri da godiya," a yi addu'a a shafa, ya tashi wani ya maye gurbinsa. Wannan al'ada ce mai girman daraja, kuma duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa ya san irin nauyin da take sauke masa a sa'ad da shi kansa ba ya iya tuna ko ya ci abinci.

Amma zaman makoki yana da ranar tashi. Ran da aka yi sadakar uku, ko ta bakwai a gidajen da ke kaiwa nan, sai dangin nesa su ɗaure kayansu, a mayar wa masu tabarmi tabarminsu, mai kasuwa ya koma kasuwa, ma'aikaci ya koma ofis, gidan da jiya ba a samun wurin sa ƙafa ya yi tsit. Kuma a wannan lokaci ne, ga mafi yawan mutane, mutuwar take fara shiga jiki sosai. Matar da aka bari ta ɗauki mudu za ta auna shinkafa, hannunta ya auna yadda ya saba, sai da ta zuba a tukunya ta tuna cewa akwai kwano ɗaya da ba za a cika ba. Hular mijinta tana nan rataye a ƙusa inda ya bar ta, takalmansa suna bakin ƙofa, in an idar da sallar isha'i kuma ta ji ƙarar babur ya tsaya a waje sai gabanta ya faɗi, ta ɗaga kai tana jiran sallama. Masu ta'aziyya ba sa ganin wannan, domin sun riga sun tafi, kuma a lissafinsu sun sauke haƙƙin da ke kansu.

Abin sha'awa ne a ga cewa magabata sun lura da wannan lokaci na musamman. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, idan aka yi rasuwa a danginta, mata suka taru suka watse, ya rage sai mutanen gida da na kusa ƙwarai, a sa'an nan ne take sa a ɗora tukunyar talbina, watau wani irin kunu mai laushi da ake damawa da gari, ta ce su sha, domin ta ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa yana sanyaya zuciyar majinyaci, yana kuma rage wani sashe na baƙin ciki. Haka nan da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu mun riƙe na biyun da kyau, ko da yake a wasu gidaje al'amarin ya juye, har masu rashi ne ke cin bashi su ciyar da masu gaisuwa. Na farkon kuwa, watau kula da mai rashi bayan taro ya watse, shi ne muka yi wa riƙon sakainar kashi.

Babbar matsalarmu, a ganina, tana cikin yadda muke aiki da haƙuri. Babu mai musun cewa haƙuri shi ne maganin zaman duniya, kuma Alƙur'ani mai girma ya yi wa masu haƙuri alkawarin lada ba da lissafi ba; sai dai sau da yawa idan muka ce wa mai rashi "ki yi haƙuri," abin da muke nufi a ƙarƙashin zuciyarmu shi ne ta yi shiru, domin hawayenta yana tayar mana da hankali, mu kuwa ba mu san abin da za mu yi da shi ba. Har akan tsoratar da ita cewa kukanta azaba ne ga mamacin, ko kuwa alamar raunin imani ce, ta haɗiye abin da ke ƙirjinta, ta ƙara wa baƙin cikinta tsoron zunubi. Alhali malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe abu biyu: akwai niyaha, watau kururuwa da marin fuska da yayyaga tufafi da furta kalmomin fushi da ƙaddara, wannan shari'a ta hana, akwai kuma zubar hawaye da ƙuncin zuciya, wannan kuwa ɗabi'a ce da Mahalicci ya halicci bawa a kanta, ba a kama shi da laifi a kai.

Dalilin wannan a fili yake cikin tarihin Fiyayyen Halitta kansa. A shekara ta 10 bayan Hijira, da ajali ya zo wa ɗansa Ibrahim, yaron da bai kai shekara biyu ba, ya ɗauke shi ya sumbace shi, idanunsa suna zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki ya tambaye shi ko shi ma yana kuka. Sai ya bayyana masa cewa wannan rahama ce, cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, abin da ake tsarewa shi ne harshe, kada ya faɗi abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Malaman sira ma sun sa wa shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu suna shekarar baƙin ciki, ba su ga wata tawaya ga darajar annabci a cikin wannan suna ba. Annabi Yaƙubu kuwa, wanda Alƙur'ani ya ba da labarin ya ɗauki alkawarin kyakkyawan haƙuri, shi ne dai wanda idanunsa suka yi fari saboda alhinin Yusufu, har 'ya'yansa suka ji tsoron zai halaka, shi kuma ya amsa musu da cewa Allah yake kai wa kukansa. To, in haƙuri da hawaye sun zauna a zuciyar annabi guda ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba, da wane dalili za mu ce ba za su zauna a zuciyar wata baiwar Allah a Fagge ko a Damagaram ba?

A kan wannan kuma sai al'adarmu ta kunya da kara ta ɗora nata nauyin. Uwar da tun ranar suna ba ta ambaci sunan ɗanta na fari ba, wadda ta saba kawar da kai in ana yabonsa, ita ce kuma ake sa ran ta fi kowa dakewa ran da aka fito da gawarsa, har a yaba mata a ce ko gezau ba ta yi ba. Namiji kuwa tun yana yaro aka gaya masa maza ba sa kuka, saboda haka magidancin da matarsa ta rasu a wajen haihuwa yakan zauna a zaure yana amsa gaisuwa da murya daidai, kafin arba'in ma abokai sun fara yi masa zancen wadda za ta riƙe masa yara, ba wanda ya tambaye shi yadda yake kwana. Mafi tsananin kaɗaici kuwa shi ne na macen da ta yi ɓari, ko jaririnta ya koma kafin suna, wadda ake sallama da cewa Allah zai ba da mai amfani, kamar wanda ya tafin ba mutum ba ne. Sunayen nan da kakanninmu suke sa wa 'ya'yan wabi, irin su Ajuji da Ayashe da Abarshi, in mutum ya yi tunani a kansu zai ji cewa zuciyar da ta gaji da binne 'ya'ya ce take magana a ciki, tana nuna kamar ba ta damu ba don tsoron kada a sake karya ta.

Baƙin cikin da aka danne ba ya ɓacewa, jiki yake komawa. Mutanenmu da kansu sun san haka, shi ya sa za ka ji ana cewa tun da mijinta ya rasu ba ta sake lafiya ba, ko kuwa baƙin cikin ɗansa ne ya kai shi. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita kai, ƙirji ya yi nauyi, mantuwa ta yi yawa har mutum ya rasa raka'a nawa ya yi. Likitoci sun auna wannan da lissafi: a shekarar 1969 wani likita a Ingila mai suna Colin Murray Parkes, tare da abokan aikinsa, suka buga sakamakon bin diddigin maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu, suka samu cewa a cikin wata shida na farko mace-mace a tsakaninsu ya ɗara na tsararrakinsu masu aure da kashi 40 cikin 100, kuma ciwon zuciya ne ya fi yawa a cikin sanadin. Amma tun kafin Parkes da shekara dubu, wani malami mutumin Balhu, a ƙasar Afganistan ta yau, Abu Zaid al-Balhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya nuna cewa jiki da rai a ɗaure suke, ciwon ɗaya yana taɓa ɗaya. Ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san sanadinsa kamar rashin masoyi, da wanda yake sauka ba dalili bayyananne, ya ce na biyun yana bukatar maganin jiki. Na farkon kuwa ya ba shi magani daga waje, watau zance da amintaccen mutum mai hikima, da magani daga ciki, watau tunane-tunanen da mutum ya tanada tun yana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda mai lafiya yake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo.

Akwai wani zance da ya yaɗu a littattafai da intanet, cewa alhini yana da matakai biyar da dole mutum ya taka ɗaya bayan ɗaya, daga ƙin yarda, zuwa fushi, har a kai ga sallamawa. Asalinsa littafin da wata likita, Elisabeth Kübler-Ross, ta buga a Amurka a 1969, kuma marasa lafiyan da suke fuskantar ajalinsu ta yi nazari a kansu. Masu binciken da suka biyo baya ba su samu cewa masu rashi suna bin wannan jeri ba. Abin da ya fi kusa da abin da ido yake gani shi ne bayanin da Margaret Stroebe da Henk Schut na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka kawo a 1999, cewa mai rashi kai-komo yake yi tsakanin hali biyu: wani sa'i yana fuskantar rashin, yana kuka yana tunawa, wani sa'i kuma yana fuskantar rayuwa, yana neman kuɗin makarantar yara, yana gyaran rufin ɗaki, har ma ya yi dariya; kuma wannan kai-komon shi ne hanyar warkewar. Saboda haka macen da aka ji tana dariya da jikokinta mako biyu bayan rasuwa ba ta ci amanar mamaci ba, wadda kuma hawaye ya ɓalle mata ranar Sallah bayan shekara uku ba ta koma baya ba.

Haka nan ya kamata a kwantar wa mutane hankali game da wani abu da suke jin nauyin faɗa, watau jin kamar mamacin yana kusa, ko jin muryarsa, ko hango shi cikin taro kafin a gane wani ne. Wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya tattauna da maza da mata kusan 300 da abokan zamansu suka rasu, ya buga a 1971 cewa kusan rabinsu sun taɓa jin irin wannan, kuma mafi yawansu sun ce yana sanyaya musu rai. A wurinmu da an ji haka sai a fara zancen fatalwa ko shafar aljanu, a kawo hayaƙi, alhali zuciya ce da ta saba da mutum shekara talatin take nemansa a inda ta saba ganinsa. Warkewa kuma ba ta bukatar a manta. Annabi, bayan shekaru da rasuwar Nana Hadiza, in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama, kuma da 'yar'uwarta Halatu ta yi sallama a ƙofarsa ya ji muryar ta yi kama da tata, sai da abin ya motsa shi. A ƙasarmu ma ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, malama ce da babu mai shakkar tawakkalinta, amma da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837 ta yi masa marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha, tana ambaton halayensu ɗaya ɗaya, tana bayyana raɗaɗin rabuwa ba ɓoye-ɓoye. Ba ta ga cewa ilimi ya hana ta faɗin ciwonta ba, bal ma da ilimin ta faɗe shi.

Takaba, wadda shari'a ta ƙayyade wata huɗu da kwana goma, ko zuwa haihuwa ga mai ciki, tana da hikima ta wannan fuska, domin ta ba mace wani lokaci sananne da ba mai neman aurenta, ba mai tilasta mata ado ko shiga biki. Abin da fiƙihu ya ɗora mata kaɗan ne: ta bar ƙawa da turare, ta riƙa kwana a gidanta, kuma malaman Malikiyya sun yarda ta fita da rana don bukatarta. Sauran abubuwan da ake ƙarawa a wasu wurare, kamar riƙe wuƙa, da hana ta wanka sai rana kaza, da tsare ta a ɗaki kamar mai laifi, ba su da tushe, kuma suna mayar da rahama ta zama kurkuku. Mafi muni shi ne a tayar da rigimar gado tana cikin wannan hali, dangin miji suna ƙirga buhuna da awaki a gabanta.

Wanda yake so ya taimaka, ba sai ya zama malami ko likita ba. Na ga abin da tsofaffin mata suke yi wanda ya fi dogon wa'azi amfani: gwaggo ta zo bayan arba'in, sa'ad da ƙafa ta ɗauke, ta zauna a bakin gado tana tsince wake a faifai, ba ta ce komai ba sai can ta ce, "Allah ya jiƙan Malam, shi fa ba ya cin tuwo sai da man shanu." Matar ta yi murmushi, sa'an nan kuka ya ƙwace mata, gwaggo ba ta ce ta yi shiru ba, sai ta ce, "Yi abinki, 'yar nan, ba kowa sai ni," ta ci gaba da tsintar wakenta har aka kira la'asar, suka tashi suka yi alwala tare. Ambaton sunan mamaci, da zama ba gaggawa, da ɗauke wani ƙaramin aiki, da jan mutum a hankali zuwa salla da abinci da barci a kan lokacinsu, su ne abubuwan da natsuwa take bi ta dawo. Zikiri da karatun Alƙur'ani da sadaka a madadin mamaci kuma suna ba hannu da harshe abin yi a sa'ad da zuciya ta rasa inda za ta sa kanta.

Mafi yawan mutane da irin wannan suke miƙewa, ba tare da sun ga likita ba. Amma akwai kaɗan da alhininsu yake tsayawa wuri ɗaya, wata da watanni suna wucewa suna nan kamar ranar farko, ba sa iya aiki, ba sa iya kula da yara, ba sa son ganin kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan a cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, ta ce ana duba shi ne in ya wuce aƙalla wata shida, kuma ya zarce abin da al'ada da addinin mutumin suka saba da shi. Wanda ya kai nan, ko wanda ya daina ci da sha, ko ya koma ga ƙwaya don ya samu barci, balle wanda ya fara zancen gara ya bi mamacin, lalle a kai shi asibiti ba da jinkiri ba, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ban da sassan da ke manyan asibitocin koyarwa. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma ba ya hana addu'a, kamar yadda shan maganin hawan jini bai taɓa hana ta ba.

Akwai kuma wasu masu rashi da al'adarmu ba ta tanadar musu komai ba, domin ba su ga gawa ba. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta yi rajistar fiye da mutum 20,000 da suka ɓace a Nijeriya, mafi yawansu sanadin rikicin arewa maso gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da aka rabu da su. Ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka shiga daji da su a Zamfara da Katsina aka daina jin ɗuriyarsu. Fuƙaha'u sun yi maganar matar wanda ya ɓace, inda mazhabar Malik, bisa hukuncin Sayyidina Umar, ta ce ta jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara gaban alƙali an bincika, sa'an nan ta yi idda ta mutuwa. Wannan yana warware mata igiyar aure, amma uwa ba ta da alƙalin da zai yanke mata ranar daina jira. Irin wannan baiwar Allah ba a yi mata ta'aziyya, domin yin haka kamar yanke mata ƙauna ne, ba a kuma yi mata barka. Sai maƙwabta su rasa abin faɗa, su daina ambaton yaron gaba ɗaya, ita kuwa tana nan tana tambayar duk wanda ya fito daga wajen Bama ko Gwoza ko ya ga mai kama da shi. Wanda ya je gaishe ta, kada ya matsa mata ta ce ya mutu, kada kuma ya yi mata alkawarin zai dawo; ya kira sunan yaron, ya tambaye ta shekararsa nawa ke nan yanzu, ya saurari amsar har ƙarshe, in kuma ba a kai sunansa wurin masu rajistar ɓatattu ba, ya raka ta a kai.